Renon Yara a Ƙasar Ruwa: Zaman Iyalan Hausawa a Malesiya

A cikin shekaru ashirin da suka wuce, ƙasar Malesiya da ke kudu maso gabashin Asiya ta zama ɗaya daga cikin wuraren da malaman jami'o'i da na kwalejojin arewacin Nijeriya suka fi nufa domin neman digiri na biyu da na uku, saboda kuɗin karatu a can bai kai na Ingila ko Amurka ba, ana yin karatun da Turanci, sannan hukumar TETFund, wadda ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati a Nijeriya, a baya ta daɗe tana ɗaukar nauyin wasu daga cikinsu. Da yake digiri na uku yakan ci shekara uku zuwa huɗu, wani lokaci har ya zarce, magidanta da yawa ba sa yarda su bar iyali a gida tsawon wannan lokaci, sai su kwashi uwargida da ƙananan yara su tafi tare. Ta haka ne ƙananan zangunan Hausawa suka tsiro a kewayen jami'o'in ƙasar: a Serdang inda Jami'ar Putra take, da Gombak mazaunin Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa wadda aka kafa a 1983, da Skudai a jihar Johor da ke kudu, da kuma Sintok a jihar Kedah, can arewa daf da iyakar Tailan.

Abubuwa biyu sukan kwantar wa mai shirin tafiyar hankali. Na farko, an ce masa ƙasar zafi ce, wanda kuwa ya sha bazarar Sakkwato ko ta Maiduguri ba ya jin tsoron wannan kalma. Na biyu, fiye da kashi 60 cikin ɗari na mutanen ƙasar Musulmi ne, don haka ba za a sha wahalar masallaci ko nama halal ba. Duka biyun gaskiya ne, amma gaskiyar tasu takan rufe ido daga ganin wani abu da ya fi su nauyi, wato cewa ilimin renon da uwa ta gada daga mahaifiyarta ilimi ne da ya ɗauru da wurin da aka haife shi. An gina shi a kan ƙasa mai rani da damina da kaka da hunturu, aka kuma gina shi a kan gida mai cike da mutane, inda ba a rasa hannun da zai karɓi jariri. Iyalin da suka sauka a filin jirgin Kuala Lumpur, bayan sun yada zango a Adis Ababa ko Doha ko Alƙahira, sun rabu da waɗannan ginshiƙai biyu a dare ɗaya, kuma mafi yawan abin da za su fuskanta a rayuwar yau da kullum daga nan ya samo asali.

Zafin Malesiya iri ne dabam. Birnin Kuala Lumpur yana da tazarar kusan digiri 3 kacal a arewa da Ikwaita, wato layin da masana suka zana a tsakiyar duniya wanda rana ke dukan ƙasashen da ke kusa da shi daidai wa daida duk shekara, saboda haka ma'aunin zafi yakan tsaya tsakanin 23 da 33 na Selshiyus daga Janairu har Disamba. Wannan bai kai zafin watan Afrilu a arewacin Nijeriya ba, sai dai iskar a jiƙe take, laimar da ke cikinta takan kai kashi 80 cikin ɗari, kuma ma'anar haka ita ce gumi ba ya bushewa a jiki, alhali bushewar gumi ce ke sanyaya fata. Ruwan sama a birnin yana haura milimita 2,000 a shekara, abin da Kano ba ta cika samun rabinsa ba, kuma babu watan da za a ce an ɗauke ruwa. Sau da yawa gari yakan waye da rana, zuwa la'asar hadari ya haɗu, a tsuge da ruwa da tsawa mai firgita yara na awa ɗaya ko biyu, sannan ya wuce kamar ba a yi ba.

A jikin jariri ake fara karanta wannan bambanci. Uwar da ta saba naɗe ɗanta da tawul da hula da safa, ta shafe shi da mai mai kauri saboda kada iskar hunturu ta tsattsaga masa fata, idan ta ci gaba da haka a can, ba za a yi mako biyu ba sai ƙurajen zufa sun feso masa a wuya da hammata da matsematsi, ya hana kowa barci da kuka. Abin da wurin ke so shi ne riga ɗaya ta auduga mara nauyi, da wanka akai-akai, da tsane duk wani lungu na jiki kafin a sa kaya. Kayan da aka shanya a baranda sukan kwana ba su bushe ba, su ɗauki wari, takalmin fata da aka ajiye a kabad wata guda a same shi ya yi fumfuna, ɗigon shayi ɗaya da yaro ya zubar a ƙasa kuwa kafin a juya kiyashi sun yi masa layi. Irin wannan ƙaramar wahala ba ta shiga lissafin kowa kafin tafiya, amma ita ce ke cinye yinin uwa.

Babban abin da ya kamata kowane iyali su fahimta tun kafin su kwance kaya shi ne zazzaɓin dengi, kuma a nan ne sabawa da gida ya fi yin haɗari. Bahaushe ya san sauro, ya san zazzaɓin cizon sauro, ya kuma san cewa maganinsa gidan sauro da dare. A biranen yammacin Malesiya maleriyar da ake sani a Nijeriya kusan babu ita, domin tun daga 2018 ƙasar ba ta sake samun wanda ya kamu da irin wadda ke yawo tsakanin mutane a cikin gida ba, sai wata iri da ake ɗauka daga birai a dazuzzuka, musamman a jihohin Sabah da Sarawak. Sauron da ke addabar birni, wanda ke yaɗa dengi, wani ne dabam, ana kiran sa Aedes, baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, ya fi ƙarfi da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana, wato daidai lokacin da yara ke tafiya makaranta da lokacin da ake fitar da su wasa. Ba a kwata mai ɗoyi yake hayayyafa ba. Ruwa mai tsabta yake so, komai ƙanƙantarsa. Farantin da ake sakawa a ƙarƙashin tukunyar fulawa, da bokitin da aka tara ruwan na'urar sanyaya ɗaki, da robar wasan yaro da aka manta a baranda ruwa ya taru a cikinta, har da tiren da ke bayan firiji, kowannensu ya isa ya zama maƙyanƙyasa. Wanda ya ɗaga irin wannan faranti ya duba da kyau zai ga wasu 'yan tsutsotsi kamar guntayen zare suna wutsil-wutsil a cikin ruwan, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba. Ƙwan kansa yana iya manne wa gefen mazubi ya yi watanni a bushe, ya ƙyanƙyashe ranar da ruwa ya sake taɓa shi, shi ya sa zubar da ruwan kaɗai bai isa ba sai an goge mazubin.

A shekarar 2019 hukumomin lafiya na ƙasar sun ƙidaya fiye da mutum 130,000 da suka kamu da dengi, kuma jihar Selangor, inda Serdang da Gombak suke, ita ce ta saba zama kan gaba. Cutar takan fara da zazzaɓi mai zafi ƙwarai, da ciwon kai da ciwo a bayan idanu da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci da ƙuraje. Abin da ya sa take yaudarar iyaye shi ne, lokacin da ya fi haɗari yakan zo ne sa'ad da zazzaɓin ya fara sauka, tsakanin kwana na 3 da na 7, daidai lokacin da uwa za ta ce an samu sauƙi. Idan a wannan gaɓa yaro ya kama ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini a dasashi ko hanci, ko wata irin kasala da ba a saba gani ba, to ba a jira wayewar gari, asibiti ake nufa. Ɗabi'ar da aka taso da ita ta sayen magani a kyamis da zarar jiki ya yi zafi tana iya jawo babbar asara, domin asfirin da ibuprofen suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi, farasitamol kaɗai likitoci suke yarda da shi, tare da yawan shan ruwa. Ƙwayar cutar iri huɗu ce, wanda ya warke daga ɗaya bai tsira daga sauran ba, kamuwa ta biyu ma takan fi ta farko muni. Hukuma ba ta ɗauki lamarin da wasa ba: akwai doka tun 1975 da ta ba jami'an lafiya ikon shiga gida su duba, su ci tarar wanda aka samu tsutsar sauro a harabarsa, kuma idan aka samu mai cutar a unguwa sai a ga ma'aikata sun zo da injin feshi suna turnuƙe layi da farin hayaƙi.

Sauran abubuwan da ke taɓa lafiyar yara ba su kai wannan nauyi ba, ko da yake suna buƙatar sani. Akwai wata cuta mai fitar da ƙuraje a tafin hannu da tafin ƙafa da cikin baki, wadda ke saurin yaɗuwa a gidajen reno har akan rufe su na 'yan kwanaki. Akwai kuma hazon hayaƙi da iska ke kwasowa daga gobarar dazuzzukan Sumatra da Kalimantan na ƙasar Indunusiya, wanda ya yi tsanani a 1997 da 2015 da 2019. A ido yana kama da hazon hunturu, amma hayaƙi ne mai shaƙe ƙirji, kuma idan ma'aunin gurɓatar iska ya haura 200 akan rufe makarantu. Ambaliya ma tana zuwa, kamar wadda ta mamaye sassan Selangor a Disamban 2021.

Gidan da ɗalibi ke iya kamawa yawanci ɗaki biyu ne ko uku da falo a cikin dogon bene, hawa na takwas ko na goma sha biyar, ana hawa da lif, akwai mai gadi a ƙofa, wani lokaci da wurin ninƙaya da filin lilo a ƙasa. Ga wanda ya fito daga gari mai ɗauke wuta da sayen ruwan garuwa, wuta da famfon da ba sa yankewa ni'ima ce da ba a musu. Sai dai tsakar gida ta ɓace, ita kuwa tsakar gida ba fili ba ce kawai, makaranta ce: a nan yaro ke rarrafe a gaban idon kaka, yayye su goya shi, maƙwabciya ta tsawata masa, ya fita zaure ya ji hirar manya. A bene yaro ba ya sauka sai da babba, taga da baranda suna buƙatar ƙarfe ko raga, wurin ninƙayar nan abin tsoro ne ga ɗan da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce baho ba, manyan lambatun gefen titi kuma da aka gina don kwashe ruwan sama sukan cika su yi gudu cikin minti kaɗan. A unguwannin da ke gefen daji, kamar na kusa da wasu jami'o'i, birai sukan shigo har baranda su fizge abin da ke hannun yaro. Sakamakon duk wannan shi ne yaro yakan yini a ɗaki, kuma abin da ke ɗebe masa kewa ya zama waya ko talabijin.

Nauyin wannan sauyi a kan uwa yake sauka, kuma wannan ne ɓangaren da aka fi yin shiru a kansa. Matar da ta bi mijinta tana zaune ne da takardar izinin zama ta masu dogaro da ɗalibi, wadda ake sabuntawa tare da tasa kuma ba ta ba ta damar yin aiki, ko da kuwa malama ce ko ma'aikaciyar jinya a gida. Maigida yakan fita ɗakin bincike da safe ya dawo da dare, ita kuwa ta yini da yara biyu ko uku tsakanin bango huɗu, ba mai cewa sannu, ba wanda za ta aika, ba wadda za ta bar wa goyo ta runtsa. Inda ita ce ɗalibar, ko su biyun duka suna karatu, to rubutun kundi da wankin kwanuka a hannu ɗaya suke haɗuwa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma magidancin da ya je can da tunanin cewa wanka wa yaro da goyo da shiga kicin ba aikinsa ba ne, ya ɗora wa matarsa aikin da a gida mata huɗu ko biyar ke rabawa. Iyalan da zamansu ya yi daɗi galibi su ne waɗanda mijin ya gane haka da wuri, ya sauke girman kai ya ɗauki tsintsiya.

Haihuwa ce ke fito da wannan gibi fili. A gida mai jego tana da kwana arba'in na wankan ruwan zafi da kunun kanwa da gasasshen nama, a hannun uwa ko goggo, sau da yawa ma a gidan iyayenta. Abin sha'awa, Malayawa ma suna da tasu al'adar mai kama da wannan, suna kiran ta pantang, wato kwana 40 ko 44 na killace mai jego, da tausa, da ɗaure ciki da dogon ƙyalle, da gasa jiki da dutse mai ɗumi, har akwai mata da wannan ce sana'arsu. Amma baƙuwa sai da kuɗi za ta samu, don haka matan ɗalibai ne ke zame wa juna uwa da goggo, wannan ta dafo abinci, waccan ta kwashe manyan yara zuwa gidanta, mazan kuma su haɗu su nemo ragon suna ko akuya. Bayan suna sai zirga-zirgar takardu, domin jaririn da baƙi suka haifa a Malesiya ba ya zama ɗan ƙasa: sai an yi masa rajistar haihuwa, a nemo masa fasfo a ofishin jakadancin Nijeriya da ke Kuala Lumpur, sannan a shigar da shi cikin izinin zaman iyayensa. Asibitin gwamnati da ɗan ƙasa ke ganin likita da ringgit 1, kuɗin ƙasar, yana cajin baƙo ninkin-ba-ninkin haka, kuma tun da darajar naira ta faɗi warwas bayan watan Yunin 2023, kuɗin da ake turowa daga gida ya daina kai inda ya saba kaiwa.

Ta fuskar abinci, yara sun fi iyayensu saurin sallamawa. Shinkafa ce abincin ƙasar safe da rana da dare, kuma ba a daɗewa yaro zai fara neman nasi lemak, wato shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa ake ci da yaji mai ɗan zaƙi da soyayyen ƙananan kifi da gyaɗa da ƙwai, ko roti canai, wata gurasa mai laushi da ake samu a shagunan Indiyawa Musulmi. Tambarin halal na hukumar JAKIM, mai kula da harkokin Musulunci, yana sauƙaƙa sayayya. Kuɓewa ɗanya da rogo da dankali da tsamiya duk ana samu a kasuwar dare da ke ci mako-mako a unguwanni, garin gero kuma a kantunan Indiyawa. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin ƙuli sai dai a cikin akwatin mai zuwa daga gida, kuma wadda ta ajiye su a kwano kamar yadda ta saba za ta buɗe ta tarar laima ta dunƙule garin, daddawar ta yi gashi fari, shi ya sa firiza ce rumbun matar Bahaushe a can. Wani abin lura shi ne kwakwar manja, wadda asalinta yammacin Afirka ne kuma aka fara nomanta don kasuwa a Selangor a 1917, ta mai da Malesiya ta biyu a duniya bayan Indunusiya wajen samar da manja, amma man da ke kantuna tatacce ne mara launi, jan manja na miya sai an nema.

Addini shi ne inda baƙo ya fi jin ya zo gida. Kusan kowace kasuwar zamani da tashar mota da rukunin gidaje suna da surau, wato ƙaramin masallaci, rana kuma tana fitowa wajen ƙarfe 7 ta faɗi wajen ƙarfe 7 duk shekara, don haka tsawon azumi ba ya canzawa sosai. Mutanen ƙasar mazhabar Shafi'i suke bi, saboda haka yaron da ya fara koyon salla a can zai ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, yana kuma yin alƙunutun asuba a bayyane bayan ruku'u, ya zo gida da tambayar da uba zai zauna ya warware masa. A ƙaramar salla ana buɗe gidaje ga kowa, a ba yara kuɗi a cikin 'yar ambulan, abin da bai da maraba da goron salla. Sunayen ranaku ma 'yan'uwan na Hausa ne ta hanyar Larabci, Isnin da Selasa da Rabu da Khamis da Jumaat da Sabtu da Ahad, kuma suna da rubutun Jawi wanda yake daidai da ajami. Duk da haka, zama ɗaya a sahu bai hana wasu masu gidaje ƙin ba ɗan Afirka haya ba, kuma yaro baƙar fata yakan gamu da kallo ko tambaya a filin wasa da iyaye za su nemi kalmomin da za su bayyana masa.

Harshe ne abin da ke zamewa a hankali ba a ankara ba. Gidan renon 'yan ƙasa da shekara huɗu sunansa taska a can, kalmar da ta yi dacen ma'ana a kunnen Bahaushe, na 'yan huɗu zuwa shida kuma tadika. Yaron da ke yini a ɗayansu yakan dawo yana kiran maƙwabciya makcik, maƙwabci pakcik, kwatankwacin inna da kawu, yana ƙirga da Malayanci, yana wasa da Turanci, Hausa kuwa ta koma harshen da ake yi masa faɗa da shi. Makarantun ƙasa da ƙasa suna da tsada fiye da ƙarfin yawancin ɗalibai, shi ya sa iyalai da dama suke lissafa komawa gida, ko mayar da uwa da yara, da zarar babban ya isa shiga firamare. Tazarar awa 7 da ke tsakanin ƙasashen biyu ta sa azahar ɗin Kano ta zama daren Kuala Lumpur, don haka bayan magariba ake kiran kaka ta bidiyo, kuma a irin wannan hira ce iyaye da yawa suke fara jin cewa ɗansu yana gane abin da aka ce amma ya kasa mayar da gaisuwa. Inda zangon ya yi ƙarfi, iyaye sukan haɗa yaran a gida ɗaya a ƙarshen mako, wanda a jihar Kedah Juma'a da Asabar ne, a yi musu karatun allo da tatsuniya, a ci tuwo tare.

Komawa gida ma tana da nata shirin. Yaron da aka haifa a can, ko aka tafi da shi yana goye, bai taɓa jin iskar hunturu ba, leɓɓansa da ƙafafunsa za su tsage a Disambar farko, hancinsa ya yi ta haɓo saboda bushewar iska. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne jikinsa bai taɓa haɗuwa da maleriya ba, ba shi da ɗan sabon da takwarorinsa na gida suka samu a hankali, iyayen ma nasu sabon ya ragu bayan shekarun da suka yi nesa, don haka kamun farko yakan zo da ƙarfi. Likitoci sukan shawarci irin waɗannan iyalai su nemi bayani kan maganin rigakafi kafin su hau jirgi, su tanadi gidan sauro mai magani tun daren farko, su kuma kai yaro gwajin jini a ranar da jikinsa ya fara zafi, tare da katin allurar rigakafin da aka yi masa a can domin a ɗora daga inda aka tsaya.